Taƙi Guda

Shekara 23 Baba ya yi yana riƙe da sitiyari, kuma a tsawon wannan zamani abu biyu kaɗai na taɓa jin ya yi alfahari da su. Na farko, bai taɓa take ko ɗan akuya ba. Na biyu, allurar malejinsa ba ta taɓa haura 100 ba, ko da kuwa kwalta ta miƙe sambal, babu kowa a kanta daga shi sai kawalwalniya. Tun muna yara muka haddace waɗannan kalmomi, har ƙannena kan kwaikwayi muryarsa idan ba ya nan. Gaskiyarsa kuwa ban taɓa jin ya ambata ba, domin a ganinsa ba abar faɗa ba ce, kamar yadda mutum ba ya shelar cewa yana numfashi.

Direba ne a wata ƙungiya mai haƙa rijiyoyin burtsatse a arewacin Jihar Yobe. Gidanmu yana Nguru, aikinsa kuma yana can cikin ƙauyukan Machina da Yusufari, inda kwalta ke ƙarewa, yashi ya karɓi mulki. Motar da aka damƙa masa tsohuwar Hilux ce fara, mai jan ƙafa huɗu, wadda ya lallaɓa shekara 11 kamar jinjira. Kafin ya karya kumallo ya riga ya duba mata ruwa da baƙin mai. A aljihun gaban rigarsa kuma akwai ɗan littafi mai baƙin bango, wanda ba na ofis ba ne, nasa ne na kansa. A ciki yake rubuta kowace tafiya: garin da ya tashi, garin da ya sauka, abin da ya ɗauka, da lambar da maleji ya nuna. Idan ɗaya ya cika sai ya ɗaure shi da kyauro, ya jefa a akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa.

Ina aji biyu a jami'a, ina karatun lissafi, na dawo hutu a tsakiyar bazara, na tarar da shi zaune a zaure da hantsi, ranar aiki. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'ar da ba ta kai ido ba. Sai da na shiga ciki Umma ta ja ni ɗaki, ta ciro wata takarda daga ƙarƙashin katifa, ta miƙo mini ba tare da ta ce uffan ba.

Takardar tuhuma ce. Sabon akantan ofis ya bi diddigin watanni 6 da suka shige, ya ga maleji ya nuna motar ta yi kilomita 20,000. A ƙa'idar ofishin, lita guda ta gas tana kai mota kilomita 10, saboda haka lita 2,000 ya kamata a sha. Baba kuwa ya sa hannu ya karɓi lita 2,300. Ana so ya bayyana inda lita 300 suka shiga cikin mako biyu, kafin nan kuma ya ajiye makulli. Ba a rubuta kalmar sata ba ko sau ɗaya, amma babu layin da ba ta leƙo ta cikinsa ba. A gari irin namu kuwa, magana ba ta jiran a rubuta ta. Tuni wasu a majalisar ƙofar masallaci suka fara sauya zance idan ya ƙaraso.

Da daddare na roƙe shi ya bar ni in duba littattafansa. Ya ce, “Duba, Uwata. Ni dai na duba har idona ya gaji.” Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da wani suna ba sai wannan.

Na baje su a tabarma, na kunna fitilar waya. Ban san abin da nake nema ba, sai kawai na shiga bin garuruwan da ya fi yawan zuwa. Akwai wani ƙauye da ya je fiye da sau 30 cikin shekaru uku. A tsofaffin littattafan nisansa kilomita 84 ne, wani lokaci 83, wani lokaci 85. A littafin ƙarshe kuwa sai na ga 77, na sake ganin 76, na sake ganin 77. Na duba wani garin, shi ma ya matso. Na duba Gashuwa, wadda hanyarta kwalta ce da ba ta sauya wuri, ita ma ta matso. Kamar a wani wata guda aka kama ƙasar Yobe gaba ɗaya aka tsuke ta.

Da asuba, bayan ya dawo masallaci, na nuna masa. Ya ce ya lura, amma ya ɗauka halin yashi ne, tunda hanyar daji ba a binta sau biyu a sawu ɗaya. Yau ka kewaye tudu ta gabas, gobe iska ta rufe nan ka bi ta yamma. Na ce, “To Gashuwa fa, Baba? Ita ma iska ce ta ɗauko ta?” Ya yi shiru. Na tambaye shi abin da aka yi wa motar a wancan wata. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, “Taya aka sauya.”

Shi da kansa ya roƙi a sauya su. Tayoyin da motar ta zo da su sirara ne, masu lamba 205R16, suna nutsewa a yashi, cikin motar kuma yana gugar ƙasa. Da aka tashi saye sai ya ba da shawarar a ɗauko manya, masu lamba 265/75R16, don motar ta ɗaga, ta kuma sami faɗin takawa. Kowa ya yaba, domin tun daga ranar kafewa ta ragu. Abin da babu wanda ya tuna shi ne, maleji bai san an yi wannan canji ba.

A nan ne na fahimci abin da ban taɓa tsayawa na yi tunani a kansa ba, duk da shekarun da na yi ina kallon allurar nan daga kujerar baya. Maleji ba ya ganin hanya. Bai san kwalta ba, bai san gari ba. Abin da ya sani kawai shi ne juyi. A irin waɗannan tsofaffin motoci masu jan ƙafa huɗu, akwai wani ɗan gilgijen roba mai haƙora a bayan akwatin da ke raba ƙarfin inji tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Duk lokacin da sandar da ke tura ƙafafun baya ta juya, shi ma sai ya juya, ya murza wata waya da ke cikin bututu, wayar ta haura har bayan gilashin da ke gaban direba. Can take motsa allurar gudu, take kuma mirgina lambobin da ke ƙirga kilomita. Waɗanda suka ƙera motar sun lissafa cewa juyi kaza na taya shi ne kilomita guda, bisa girman tayar da suka sa mata. Idan ka kawo tayar da ta fi girma, kowane juyi zai ci ƙasa fiye da dā, amma maleji zai ci gaba da ƙirga shi da tsohon farashi.

Na faɗa wa Baba haka, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Wannan duk a takarda ne. A nuna mini a ƙasa.”

Motar tana ajiye a harabar ofis. Da la'asar muka je, maigadi, wanda tsohon abokinsa ne, ya buɗe mana ƙofa yana waige-waige. Sa'ar da muka ci ita ce tayar safiya da ke rataye a ƙarƙashin bodi ba a sauya ta ba, tsohuwar lamba ce, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa taka ƙasa ba. Baba ya sauko da ita, ya ɗaga ƙafar baya da jak. Na zo da igiyar shanyar Umma. Muka zagaye tsohuwar taya da ita, ya ƙulla ƙulli a inda bakin igiya ya haɗu. Muka zagaye sabuwa, ya ƙulla na biyu. Da muka miƙe igiyar a ƙasa, ya ɗora babban yatsansa a ƙulli na farko, ya buɗe hannu iyakar buɗewa, ɗan yatsansa na tsakiya ya sauka daf da na biyu.

“Taƙi guda,” in ji shi. “A kan taƙi guda ake neman a kira ni ɓarawo?”

Na auna da tef ɗin tela. Tsohuwa mita 2.31, sabuwa mita 2.53, bambanci santimita 22. A tsohon lissafi, taya kan juya kusan sau 433 kafin maleji ya ce an yi kilomita guda. Sabuwar taya idan ta juya sau 433, ta ci mita 1,095. Ke nan duk kilomitar da maleji ya rubuta, akwai mita 95 da ya haɗiye. Kilomita 20,000 da ke takardar akanta, a ƙasa 21,900 ne. Na ji kamar in yi guɗa a harabar nan.

Murnata ba ta kai gida ba. A hanya na ƙarasa lissafin a ka: kilomita 21,900, a kan lita guda kowace goma, lita 2,190 ke nan. Igiya ta wanke lita 190. Saura 110.

Wannan dare shi ne abin da ya fi yi mini wuyar rubutawa. Na kwanta ina juya lambar nan kamar mai taunar tsakuwa. Na tuna kuɗin makarantata da aka biya a kan kari duk da tsadar rayuwa. Na tuna buhun geron da ya shigo gida watan azumi. Na tuna jarkokin 'yan bumburutu da ke jere a bakin tasha, da yadda kowa ya san inda wani man nasu ke fitowa. Ban ce a raina Baba ya yi ba, amma na bar tambayar ta shigo, na ba ta wurin zama, na kwana da ita. Mutumin da na sani tun ban san kaina ba, na ɗora shi a sikeli, na ɗora lita 110 a ɗaya gefen, na tsaya ina kallon inda zai rinjaya.

Da safe na kai masa koko, na kasa haɗa ido da shi. Ya karɓa, ya ajiye, ya ce, “Lissafin bai cika ba ko?” Na gyaɗa kai. Ya ce, “Sauran suna cikin yashi. Ke da akanta duk ba ku taɓa tura mota a tudun rairayi ba. Rubuta musu, ki ce ina roƙon a cika tanki, ya shigo mu je tare.”

Ba zan zalunci akantan ba. Saurayi ne da bai daɗe da gama hidimar ƙasa ba, an ba shi ƙa'ida, ya bi ta. Da ya karanta amsar da na rubuta, ya ga igiyar da ƙulle-ƙullenta, sai ya amince, har ya yarda in bi su in riƙe waya, tunda manhajar da ke cikinta tana auna nisa da gudu ta tauraron ɗan'adam, ba ruwanta da taya.

Muka fara da kwalta. Waya ta ce mun yi kilomita 10, maleji ya ce 9.1. Akanta ya rubuta. Sai ya ce, “Baba, ɗan taka mu ga allurar.” Baba ya taka totur a hankali har allura ta zauna daram a kan 100, wurin da ya saba tsayar da ita. Ya ce, “Uwata, nawa ta ce?” Na dubi waya, na so in yi ƙarya. Na ce, “109.” Bai ce komai ba. Ya ɗage ƙafa, motar ta sassauta, kuma har muka sauka daga kwalta bai sake wuce 80 ba.

A bakin yashi ya tsaya, ya rage wa tayoyi iska don su baje, ya kulle ƙafafun gaba, ya ja ƙaramar giyar nan da direbobi ke kira ogzilari. A bodi akwai bututun rijiya da siminti, irin kayan da ya saba ɗauka. Injin ya yi ta kuka kamar raƙumin da aka yi wa lodi, motar tana tafiya da ƙyar, gudun da ɗan keke zai iya wuce ta. Sau biyu muka kafe. A na biyun sai da akanta ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya haƙa yashi da hannu, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Da muka auna da jarka, kilomita 60 na yashi sun sha lita 10. Lita guda, kilomita 6. Akanta ya zauna a inuwar wata aduwa ya buga lissafinsa: idan kilomita 1,650 kacal daga cikin tafiyar watannin nan a irin wannan hanya aka yi su, lita 110 sun fita. Wannan bai kai kashi ɗaya cikin goma na tafiyar ba, littafin Baba kuwa ga sunayen ƙauyukan nan reras. Ya rufe fayil ɗinsa, ya ce, “Baba, a yi haƙuri.” Baba ya ce, “Aikinka ka yi.”

An mayar masa da makulli bayan kwana uku. Na ɗauka zai yi farin ciki, amma sai na ga ya fi zama shiru fiye da lokacin da ake tuhumarsa. Sharaɗi guda ya kafa, cewa ba zai sake fita da motar ba sai an gyara maleji.

Bakaniken da ya saba yi masa aiki ya shiga ƙarƙashin mota, ya kwance wayar, ya zaro ɗan gilgijen. Bai kai girman goro ba. Ya ƙirga haƙoransa da tsinken ashana, 21. Ya bayyana mana cewa tunda maleji yana ƙirga ƙasa da gaskiya, dole a sa wayar ta riƙa juyawa da sauri, hanyar yin haka kuwa ita ce a sa mai ƙarancin haƙora, wanda zai kammala zagayensa da wuri. Na raba 21 da 1.095, na sami 19 da 'yan kai. Bakanike ya yi dariya ya ce, “Malama, ba a ƙera rabin haƙori.” Aka aika Ƙofar Ruwa a Kano, aka samo mai 19. Da aka ɗaura muka sake fita kwalta, waya ta ce 10, maleji ya ce 10.1. Na nuna damuwa cewa har yanzu bai zauna daidai ba. Baba ya ce, “Bar shi haka. In dai zai yi kuskure, gara ya ce na yi sauri alhali ban yi ba.”

Bakanike ya ce zai iya buɗe gilashin ya mirgina lambobin gaba su cike giɓin. Baba ya ƙi. Ya ce hannun da ya koyi tura lamba gaba, wata rana zai tura ta baya. Maimakon haka ya sa na rubuta a wani kati: lambar da aka sauya taya, lambar da aka sauya gilgije, da cewa duk mai karanta wannan maleji ya ƙara kilomita 1,900. Ya sa katin a leda, ya manna a cikin akwatin gaban mota, saboda direban da zai gaje shi ko wanda zai sayi motar a gwanjo. Ya kuma sa aka yi juye nan take, domin ya gane cewa duk juyen da ya yi a kan 5,000, injin ya riga ya kusa 5,500.

A hanyarmu ta komawa gida ne ya faɗa mini abin da ke cinsa. Wata biyu kafin takardar, yana kan kwalta, allura a kan 100, wani yaro ya ɓullo daga bayan garken shanu ya tsallaka. Ya taka birki iyakar ƙarfinsa, motar ta ja fiye da yadda ƙafarsa ta saba, ta tsaya har yana iya ganin ƙurar da ke gashin yaron. Ya zargi birki, ya kai aka duba, aka ce lafiya lau. Sai yanzu ya gane. Ni kuma na san dalilin a lissafe: nisan da birki ke buƙata yana ƙaruwa ne da gudu sau kansa, don haka tsakanin 100 da 109 akwai ƙarin kusan kashi ɗaya cikin biyar. Wannan kashi ɗaya cikin biyar shi ne tazarar da ta kusa cinye ɗan mutane.

Na ce, “Ai ba laifinka ba ne, Baba. Allurar ce ta yi maka ƙarya.”

Ya ce, “Allura ba ta yi ƙarya ba, abin da aka ba ta shi ta faɗa. Ni na sauya taya. Da na take yaron nan, uwarsa allura za ta zo nema ko ni?”

Ban sami amsa ba. Igiyar da ta wanke shi daga laifin da bai yi ba, ita ce ta kama shi da wanda bai san ya yi ba, kuma ya karɓi hukuncinta na biyu da hannu biyu kamar yadda ya karɓi na farko. Ni da na zo da ilimin jami'a, rabin gaskiyar kawai nake so, rabin da zai yi mana daɗi. Shi ne ya ƙi a raba ta.

Da muka isa zaure na durƙusa na ce, “Baba, ka yafe mini.” Bai tambaye ni laifin me ba. Ya ce, “Na gani a fuskarki ranar da kika kawo koko. Lamba ta ce miki wani abu, kika ji tsoro. Ba komai. Amma gobe in lamba ta faɗa miki magana a kan mutum, ki fara tambaya da wace taya aka ƙirga ta.”

Baba ya yi ritaya yanzu, idonsa ba ya yarda da tuƙin dare. Alfaharinsa ya koma guda ɗaya, na ɗan akuya. Na biyun bai sake ambatarsa ba, kuma idan wani daga cikin jikoki ya tsokano zancen, yakan ce akwai wata shida da ba ya iya rantsuwa a kansu. Ni kuwa ina koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata. Umma ba ta sake ganin igiyar shanyarta ba, har yau tana yi mini gorinta. Duk shekarar da muka zo darasin da'ira, nakan ciro ta daga jaka, in miƙe ta a kan tebur, in kira yarinya guda ta zo ta ɗora hannunta tsakanin ƙulli biyun. Hannunsu ƙanana ne, ba ya kaiwa. Sai in ce su buɗe littafi su rubuta 2.31 da 2.53, mu ga abin da zai faru idan aka juya sau 433.